Mussa, Baƙuwar da Ta Kawo Kanta

Bara bayan kaka, kakarmu ta sayi hatsi buhu uku ta ajiye a ɗakin ajiyar gidanmu da ke unguwar Obitara. Kafin wata biyu kusa sun huda buhu biyu. Duk wanda ya tashi a Agadas ya san zafin wannan: garinmu ba ya noma abin da zai ci, daga Damargu da sauran ƙasar Hausa hatsi ke zo mana, kuma kowace tiya da kuɗinta. Sai wata maƙwabciya ta ba mu ƴar mussa, wadda Kanawa ke kira kyanwa, ba ta wuce wata biyu da haihuwa ba.

Tana zuwa ta shige bayan buhuna, ta ƙi fitowa, ta ƙi cin komai. Ƙanena ya ɗauko igiya zai ɗaure ta kamar ƴar akuya. Kaka ta daka masa tsawa: "Kai, aje igiyag ga! Ba a ɗamre mussa. In gida ya yi mata, ita ka zama da kanta." Na yi dariya, ta harare ni: "Ke kishiya, ba lakwal kike ba? Tahi ki bincika."

Na bincika, kuma tarihi ya goyi bayan tsohuwa.

Raƙumi da jaki da akuya, mutum ne ya kamo su ya sa musu igiya. Mussa kuwa asalinta kyanwar daji ce ta arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi, kusa suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo kusa. Manomi ya ga amfaninta, ya ƙyale ta. A 2004 masu binciken tarihi na Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara kusan 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi. Tsibirin ba shi da kyanwa tun asali, ke nan a jirgin ruwa aka kai ta.

A tsohuwar Masar, ƙasar rumbunan alkama, darajarta ta kai har suna siffanta gunkinsu Bastet da kan kyanwa, kuma in ta mutu a naɗe gawarta a adana. A 1888 an tono dubban irin waɗannan gawarwaki a Beni Hasan. Aka loda da yawansu a jirgi zuwa Ingila, aka yi takin gona da su.

Musulunci bai bautata ba, amma ya ba ta haƙƙi. Sahabin nan Abu Huraira, laƙabinsa na nufin mai ƴar kyanwa. Akwai kuma hadisin da muka koya tun makarantar allo, na matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Da na karanta wa ƙanena, shiru ya yi.

To mu fa? Tun ƙarni na 15, da Agadas ta zama mazaunin Sarkin Abzin, rayuwar garin a kan ajiya take. Ayari ya ɗauki hatsi ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da gishiri da dabino, sannan ya gangara kudu ya sayo wani hatsin. Tsakanin tafiya da tafiya, a ɗakunan laka kayan ke kwana. Muna alfahari da hasumiyar masallacinmu mai tsawon mita 27, muna yabon madugai da raƙuma. Ni dai a ganina, mai gadin buhunan ma ta cancanci a tuna da ita.

Ga abin da muka yi da tamu. Muka bar ta a ɗaki guda, ƙofa a saye. Muka ajiye ruwa da ɗan gutsuren nama a gefe, tsohon faranti cike da rairayi a wani gefen. Madarar shanu kaka ta hana, don takan sa su zawo. Aka hana yara kamawa da ihu. Kullum bayan la'asar nakan shiga in zauna ƙasa da littafina, ba na ko kallonta.

Rana ta huɗu ta fito, ta shinshina ƙafata, ta koma. Rana ta shida ta hau cinyata ta yi barci. Sai da ta yi mako biyu muka buɗe mata tsakar gida.

Yanzu ta girma. Buhu na uku mun cinye shi lafiya, ba huda ko ɗaya. Igiyar kuwa tana nan rataye a ƙusa, kaka na shanya a kanta.