Jacob Lawrence da Zanen Rayuwar Baƙaƙen Fata a Amurka

Jacob Lawrence (1917 zuwa 2000) mai zane ne Ba'amurke, baƙar fata, wanda ya yi suna wajen zana rayuwar yau da kullum ta mutanensa: masu jiran jirgi a tasha, mata masu guga, yara a aji, kafintoci da kayan aikinsu. An haife shi ran 7 ga Satumba 1917 a Atlantic City ta jihar New Jersey. Iyayensa 'yan kudancin Amurka ne da suka yi ƙaura zuwa arewa. Bayan rabuwarsu ya zauna hannun masu riƙo a Philadelphia, sannan a 1930, yana ɗan shekara 13, ya koma wurin mahaifiyarsa a unguwar Harlem ta birnin New York.

A Harlem ya sami abin da zai zana har ƙarshen rayuwarsa. Lokacin ana cikin karayar tattalin arziki, amma mutanen unguwar, har da mahaifiyarsa, suna ƙawata ɗakunansu da dardumai da kayan ado masu araha da launi mai haske. Lawrence ya sha bayyana cewa daga waɗannan ɗakuna da titunan unguwar ya ɗauko launi da tsarin zanensa. Mahaifiyar tasa ta sa shi ajin yamma a Utopia Children's House don kada ya yi yawon titi, inda Charles Alston ya fara koya masa. Daga baya mai sassaƙa Augusta Savage ta yi masa hanya a 1938 ya shiga shirin gwamnati na ɗaukar masu zane aiki.

Tushen zanensa na biyu shi ne labari. Masu jawabi a bakin titi da malaman unguwa suna ba da tarihin baƙaƙen fata wanda ba a cika koyarwa a makarantu ba, shi kuma sai ya je ɗakin karatu na Titi na 135 ya bi diddigi. Da haka ya zana tarihin Toussaint L'Ouverture, jagoran juyin juya halin Haiti, a zane 41, sannan na Frederick Douglass a 32, da na Harriet Tubman a 31.

Aikin da ya fito da shi duniya shi ne jerin zanen Babbar Ƙaura ta baƙaƙen fata daga kudu zuwa arewa, wanda ya yi a 1940 zuwa 1941 da tallafin asusun Rosenwald. Alluna 60 ne na katako, kowanne inci 12 da 18, kuma kowanne da gajeren bayani. Babu wani jarumi guda a cikinsu. Talakawa ne da ƙunshin kayansu. Ya nuna abin da ya kore su daga kudu: ƙwaron da ya cinye auduga, ambaliya, wariyar launin fata, da kisan gilla ba tare da shari'a ba. Ya nuna abin da ya ja su arewa, wato aikin masana'antu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bai kuma ɓoye abin da suka tarar ba: cunkoson gidaje, tarin fuka da tarzoma. Wannan ƙaura, daga wajen 1910 zuwa 1970, ta kwashi mutum kusan miliyan 6.

Yadda ya yi aikin ma abin lura ne. Ya jera allunan gaba ɗaya, ya ɗauki launi guda ya bi su duka da shi kafin ya ɗauki wani, don su fito kamar aiki ɗaya. Gwendolyn Knight, mai zane haifaffiyar Barbados wadda ya aura a 1941, ita ta taya shi shirya allunan da rubuta bayanan. Har ya gama bai taɓa taka kudancin ƙasar ba. Daga bakin iyaye da maƙwabta da littattafai ya san shi. Mujallar Fortune ta buga 26 daga cikin zanen a Nuwamba 1941. A 1942 aka raba allunan 60 biyu: masu lambar cika suka tafi gidan zane na MoMA a New York, masu lambar mara suka tafi gidan zane na Phillips a Washington.

Lawrence ya zo Nijeriya a 1962, aka baje aikinsa a Legas da kuma ƙungiyar Mbari a Ibadan. Ya dawo tare da matarsa a 1964 suka yi kusan wata takwas, inda ya fi zana kasuwanni da mata 'yan kasuwa. Daga 1971 ya zama farfesa a Jami'ar Washington da ke Seattle, kuma a shekarunsa na baya magina da kafintoci suka mamaye zanensa. Ya rasu a Seattle ran 9 ga Yuni 2000. A 2007 aka sayi zanensa na magina, wanda ya yi a 1947, a kan dala miliyan 2.5, aka rataye shi a Fadar White House.