Yadda Ƙaramar Bindiga Ta Samu Makullanta

A yammacin Amurka, bayan shekarar 1873, makiyayan shanu masu rataya libarbar Colt suna da wata al'ada da baƙo zai ɗauka tsimin harsashi ne. Bindigar tana cin shida, amma biyar suke zuba mata, su bar gurbin da ke ƙarƙashin gudumar fayau. Dalili kuwa, tsinin gudumar yana kwance ne dab da gindin harsashi. Bindiga ta suɓuce ta faɗi, ko likkafa ta doke ta lokacin ɗaura sirdi, sai ta tashi ba tare da kowa ya taɓa kunama ba. Maƙeran lokacin ba su da maganin wannan, don haka masu riƙon bindigar suka nemo nasu: suka sadaukar da harsashi ɗaya don su tsira da ƙafafunsu.

Daga wannan tsoron tarihin makullan ƙaramar bindiga ya faro. Duk wani ɗan ƙarfe da ke cikinta yau don hana ta tashi, in aka bi sawunsa, za a tarar da wani haɗari ko wata fargaba da ta haife shi.

Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da wata libarba a 1887 wadda gudumarta ke ɓoye, kuma a bayan mariƙinta akwai wani falle da sai tafin hannu ya danne shi kafin kunama ta yi aiki. Kamfanin Iver Johnson ya zo da dabarar da ta fi wannan a 1894. Ya sa wani ɗan sandan ƙarfe da ke tasowa tsakanin guduma da allurar da ke dukan harsashi, kuma ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe. In ba a ja ba, gudumar ba ta kai ga allurar. Sun amince da abin har suka riƙa talla da hoton mutum yana dukan gudumar bindigar da gudumar kafinta. Abin mamaki shi ne yadda darasin ya daɗe bai game ko'ina ba. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan wata libarba ta faɗi a kan daɓen jirgin ruwan yaƙi ta kashe wani sojan ruwan Amurka, sannan Smith & Wesson ya sake fasalin abin da ke tare gudumar bindigoginsa. Kamfanin Ruger kuwa sai 1973 ya sa wa libarbarsa mai tsohon fasali irin wancan sandan ƙarfe.

Kafin nan wata sabuwar bindiga ta riga ta bayyana, ta zo da nata matsalolin. A 1893 Hugo Borchardt ya ƙera ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi a Balin, kamfanin Mauser ya biyo baya a 1896, sai ta Georg Luger wadda rundunar Suwizalan ta karɓa a 1900. Yadda irin wannan bindiga ke aiki shi ne: ƙarfin harbin farko ne ke tura sashen samanta baya, ya cillar da kwanson da ya ƙone, ya ɗana guduma, sannan sifirin ya dawo da shi gaba ya kwaso sabon harsashi daga magazin ya cusa a ɗakin da ke gindin bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Ma'ana, da zarar an yi harbi ɗaya, bindigar ta koma a ɗane, da harsashi a ciki, kunamarta kuma ba ta bukatar wani ƙarfi. Ga kuma abin da ya fi muni: a libarba ana iya leƙa gindin harsasai a gani, amma a nan wanda ke ɗaki ɓoye yake, ba ya ganuwa daga waje.

Wanda ya fi kowa barin tambarinsa a wannan fage shi ne John Moses Browning, ɗan garin Ogden a jihar Yuta, wanda aka haifa a 1855. Sojojin Amurka sun dawo daga yaƙin Filifin suna kukan cewa libarbarsu mai harsashin .38 ba ta tsayar da mayaƙan Moro, don haka suka nemi bindiga mai babban harsashi. Aka shafe shekaru ana gwaji tsakanin kamfanoni. A gwajin ƙarshe bindigar Browning, wadda Colt ya ƙera, ta harba harsashi 6,000 ba ta cije ko sau ɗaya ba, aka karɓe ta a watan Maris na 1911. Sunanta ke nan har yau, M1911.

Makullanta biyu da kowa ya sani ba su cikin samfuran farko. Sojoji ne suka matsa aka sa su, musamman mahaya dawaki. Sai mutum ya kwatanta halin da suke ciki: hannu ɗaya riƙe da linzami, doki na zabura saboda ƙarar harbi, ɗaya hannun riƙe da bindiga a ɗane, kuma ana so a mayar da ita kube ba tare da an harbi dokin ko cinyar mahayi ba. Saukar da guduma a hankali da babban yatsa a irin wannan hali ganganci ne. Sai aka sa mata falle a bayan mariƙi, wanda ke tare kunama in hannu bai riƙe ta sosai ba, daga baya kuma aka ƙara ɗan maɓalli a gefen hagu wanda babban yatsa ke turawa sama ya kulle ta alhali tana ɗane. Akwai na uku a ciki wanda ido ba ya gani, mai raba kunama da sauran kayan aiki har sai sashen sama ya rufe ruf, kuma shi ne ke hana ta zazzago harsasai a jere da ja ɗaya. Bindigar ta yi wa rundunar Amurka aiki har 1985. Duk da haka an bar wata kafa: allurarta sifirin ne kawai ke riƙe ta, don haka in ta faɗi da baki a kan daɓe mai tauri, nauyin allurar kansa na iya kai ta ga harsashi. Colt ya toshe wannan kafa a 1983 da wani ɗan turke da ke kulle allurar sai an ja kunama.

Jamusawa suka bi ta wata hanya. A 1929 kamfanin Walther ya fitar da PP, wadda aka yi don 'yan sanda. Maɓallinta yana saukar da guduma lafiya ba tare da ta taɓa allura ba, sannan ja na farko yana da tsawo da nauyi, domin yatsa ne ke ɗana gudumar da kansa, kamar a libarba. An kuma sa mata ɗan tsinke da ke leƙowa a baya in akwai harsashi a ɗaki, wanda ko a duhu ana jin sa da yatsa. Japanawa kuwa, da bindigarsu Nambu samfurin 94, sun nuna abin da bai kamata a yi ba: ƙarfen da ke riƙe gudumarta a waje yake a gefe, ana danna shi sai ta tashi.

Browning ya rasu a Beljiyam a 1926 yana tsakiyar wani aiki, wanda Dieudonné Saive ya kammala a kamfanin FN, ya fito a 1935 da sunan Hi-Power, mai cin harsashi 13. Sojojin Faransa, waɗanda don su aka fara zanen, sun gindaya sharaɗin kada bindigar ta tashi in an zare magazin. Hi-Power ta zama bindigar hafsoshin Birtaniya da ƙasashe da yawa na renonta, ciki har da Nijeriya, kuma Birtaniya ba ta sauya ta ba sai 2013. Har gobe ana jayayya a kan wancan sharaɗi na Faransawa. Masu suka na cewa yana ɓata laushin kunama, kuma yana bar wa soja bindigar da ba ta da amfani in magazin ya faɗi a fagen fama. Ni dai ina ganin sharaɗin ya hango wani kuskure da ke cin rai a gidaje, wato mutum ya zare magazin ya ɗauka bindiga ta zama fanko. Haka Terry Kath, makaɗin jita na ƙungiyar Chicago, ya mutu a Janairun 1978. Ya nuna wa abokinsa cewa babu harsashi a magazin, ya ɗora bindigar a kansa ya ja kunama, ashe akwai ɗaya a ɗaki.

Akwai kuma waɗanda ba su yarda da maɓalli ba sam. William Fairbairn da Eric Sykes, masu horar da 'yan sandan Shanghai tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, sun lura cewa ɗan sanda in ya firgita yana manta buɗe makulli. Sai suka sa aka daskarar da maɓallan bindigogin rundunar, aka umarci kowa ya yi yawo da ɗakin harsashi fayau, sai ya zaro bindiga sannan ya ja sashen sama ya ɗura. Sun bayyana wannan a littafinsu Shooting to Live na 1942, kuma sojojin Isra'ila sun daɗe a kan irin wannan tsari.

Wanda ya kai wannan tunani ƙarshensa ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. Gaston Glock, injiniya ɗan Ostiriya, sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi kafin ya shiga gasar samar wa rundunar ƙasarsa sabuwar bindiga, ya kuma ci a 1982. Glock 17 ba ta da guduma a waje, ba ta da maɓalli a gefe, gangar jikinta kuma ta roba mai tauri ce. Makullanta uku ne, dukansu yatsan da ke kan kunama ne ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya: ɗan harshe a tsakiyar kunamar da ke hana ta motsi in bindiga ta faɗi ko wani abu ya goge ta daga gefe, turken da ke tare allura, da wani dandamali a ciki da ke hana allurar kuɓucewa komai jijjiga. Ana sakin kunama, duka ukun su koma su kulle.

Wannan ya kusan kashe matsalar makiyayan 1873. Amma sai ya fito da ɗaya matsalar fili. 'Yan sandan Amurka da suka saba da libarba mai nauyin kunama, waɗanda da yawansu suka saba ɗora yatsa a kanta suna tafiya, suka koma bindigar da kilo biyu da rabi ya isa ya tayar da ita. Aka yi ta samun masu harbin cinyarsu wajen mayar da ita kube, da masu harbi wajen wanke ta, domin kafin a kwance Glock sai an ja kunama, kuma wanda bai duba ɗaki ba ya jawo wa kansa. Rundunar 'yan sandan birnin Niyok ta nemi a ƙara wa kunamar nauyi zuwa kusan kilo biyar da rabi. Wannan ya rage harbin da ba a yi niyya ba, amma ya ƙara wahalar saiti.

Dokokin riƙon bindiga da ake koyarwa yau, a wancan zamanin suka samu siffarsu. Jeff Cooper, tsohon laftanar-kanar na sojojin kundumbalar ruwan Amurka, ya buɗe makarantar harbi a Gunsite da ke jihar Arizona a 1976, ya dunƙule tarin ƙa'idojin da ake da su zuwa huɗu. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, ko wa ya ce babu. Kada bakinta ya fuskanci abin da ba a shirya hallakawa ba. Yatsa ya kwanta a gefen bindiga, wajen da'irar kunama, har sai an saita kuma an yanke shawarar harbi. A tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa, domin harsashi na huda ƙofa da bangon langalanga. Hikimar tsarin ita ce kowace ƙa'ida tana rufa wa 'yar'uwarta asiri. Wanda ya manta akwai harsashi amma bakin bindigarsa na kallon tarin yashi, kunnensa kawai zai yi ƙara. Kusan kullum sai an karya biyu a lokaci guda kafin a yi gawa.

Daga nan ne kuma tsarin sauke bindiga ya zama abin haddacewa a kowace makarantar horo. A juya bakinta inda ba kowa, a fara zare magazin, sannan a ja sashen sama baya a kulle shi a buɗe, a leƙa ɗakin da ido, a kuma taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya fara jan sashen sama kafin ya zare magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗura wani da hannunsa. Haka nan ba a miƙa wa mutum bindiga sai a buɗe, kuma wanda ya karɓa ya sake dubawa ko da a gabansa aka duba. A gida, bindiga daban harsasai daban, kowanne a kulle, musamman inda akwai yara.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin waɗanda farar hula ba ya mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, don haka mafi yawan masu riƙe ta bisa doka jami'an tsaro ne. Shi ya sa duk lokacin da aka ce wa iyalin wani direba ko ɗan kasuwa wai bindiga ce ta tashi bisa kuskure a shingen bincike, raina ba ya kwanciya da bayanin. Bindigar zamani mai lafiya, ƙarama ko babba, da wuya ƙwarai ta tashi in ba a ja kunamarta ba, kuma ko ta tashi, sai wanda aka nuna masa bakinta take samu. Masu horarwa da yawa sun daina kiran irin wannan harbi haɗari, sakaci suke ce masa, kuma rundunar Birtaniya tana gurfanar da sojan da ya yi shi ko da bai taɓa kowa ba.

Ba wai maƙera sun gama nasu aikin ba ne. Tun 2001 jihar Kalifoniya ba ta yarda a sayar da sabon samfurin ƙaramar bindiga sai an sako shi daga tsayin mita ɗaya a kan kankare, ta fuskoki shida, bai tashi ba. Duk da irin waɗannan gwaje-gwaje, a Agustan 2017, watanni kaɗan bayan rundunar Amurka ta zaɓi SIG Sauer P320, aka gano cewa samfurin da ke kasuwa na iya tashi in ya faɗi ta baya a wata kusurwa da gwajin bai haɗa da ita ba, saboda nauyin kunamar kanta yana jan ta. Kamfanin ya buɗe shirin karɓar bindigogin ya sauya musu kunama mara nauyi kyauta. Samfurin da sojojin suka karɓa, M17, sun sa an ƙara masa maɓallin babban yatsa a gefe, irin wanda mahaya dawaki suka nema wa M1911.