Kāre Yara a Lokacin Yaƙi da Hare-haren 'Yan Bindiga: Misalin Dogon Dawa da Dajin Birnin Gwari

Kāre yara a lokacin yaƙi shi ne duk abin da iyaye, ikkilisiya, jama'ar gari da hukuma za su yi domin kada a kashe yaro, ko a sace shi, ko a ɗora masa makami, ko a raba shi da danginsa da makarantarsa. In kuwa hakan ya riga ya faru, sai a nemo shi, a karɓe shi, a yi jinyarsa. A Dokar 'Yancin Yara ta Najeriya ta 2003, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, namiji ko mace.

Abin da ya faru a yankin

Dogon Dawa garin manoma ne a gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Da asubahin Lahadi, 14 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga suka afka wa garin suka kashe kimanin mutum 20, yawancinsu a bakin masallaci. Mun fara da wannan rana da gangan. Wasu cikinmu sukan yi magana kamar Kirista ne kaɗai ake kai wa hari, alhali marayun da aka bari a Dogon Dawa ran nan 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne.

Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa a ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku da na Kuyambana. A Mayun 2018 an kashe fiye da mutum 40 a Gwaska, har da yara. Ran 15 ga Maris 2021 mahara suka shiga makarantar firamare ta Rama, 'yan makaranta suka watse, aka tafi da malamai uku. A Ƙaramar Hukumar Chikun da ke maƙwabtaka, an kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist ran 5 ga Yuli 2021, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai bayan fiye da shekara biyu. Ran 7 ga Maris 2024 kuma aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, aka sako 137 bayan kwana 17.

A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Mun gode wa Allah domin kowace rana ta kwanciyar hankali. Amma jaririn da aka haifa a shekarar harin Dogon Dawa ya riga ya kai shekara 12 sa'ad da aka yi sulhun. Dukan shekarun da ya kamata ya yi firamare sun faɗa cikin zamanin gudu da kwana a daji.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ɗora wa gwamnati nauyin kāre yara a lokacin rikici. Bayan rahoton da Graça Machel ta miƙa a 1996, da ƙudurin Kwamitin Tsaro mai lamba 1612 na 2005, majalisar tana bin diddigin manyan laifuffuka shida: kashe yara ko naƙasa su, sa su aikin yaƙi, yi musu fyaɗe, sace su, kai hari kan makarantu da asibitoci, da hana agaji isa gare su. Najeriya ta kuma shiga Sanarwar Makarantu Masu Tsaro ta 2015, Jihar Kaduna kuwa ta yi tata dokar kāre yara a 2018. A Satumbar 2022 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu kan wata yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaran da sojoji suka ci karo da su a wajen farmaki za a miƙa su ga hukumomin farar hula masu kula da yara.

Rahotannin majalisar sun fi mai da hankali ga arewa maso gabas da rikicin Boko Haram. A ganinmu, yaron Birnin Gwari bai san bambancin ɗan ta'adda da ɗan fashin daji ba, abin da aka yi masa ɗaya ne.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

A 2 Sarakuna 5 maharan Suriya sun kamo wata ƙaramar yarinya daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matar Na'aman. Mukan yi wa'azi a kan warkar da Na'aman mu wuce yarinyar da sauri. Ba a faɗi sunanta ba, ba a ce ta koma gida ba. Duk da haka ta wurin bakinta ne labarin annabin Allah ya shiga gidan shugaban sojojin da suka kama ta. Iyayen da har yanzu suke jiran ɗansu suna bukatar su ji cewa Allah bai manta da yaron da ke hannun mahara ba.

Sau da yawa kuma Allah ya ceci yara ta hannun mutanen da suka yi dabara. Ungozomai biyu sun ƙi bin umarnin Fir'auna (Fitowa 1). Yehosheba ta ɓoye Yowash shekara shida a Haikali (2 Sarakuna 11). Yusufu ya tashi da dare ya gudu da Yesu da uwarsa zuwa Masar (Matiyu 2). Saboda haka kada wani ya ce wa mai bi da ya kwashe iyalinsa daga ƙauye bangaskiyarsa ta yi rauni. Ubangijinmu kansa ɗan gudun hijira ne tun yana jariri.

Aikin ikkilisiya kafin hari

Kowace majami'a ta riƙe littafin sunayen yaranta, da shekarunsu, da sunan iyaye, da lambar wani ɗan'uwa a wani gari, a kuma ajiye kwafi ɗaya a ofishin gunduma. Malaman makarantar Lahadi su koya wa ƙananan yara cikakken sunansu, sunan mahaifinsu da sunan ƙauyensu har su haddace, domin yaron da bai san komai ba sai "Mama" da "Baba" yana da wuyar mayarwa ga danginsa. Kowane gida ya san inda za a haɗu in an watse, da wanda zai ɗauki wane yaro. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana da sashen neman dangin da suka ɓace, ana iya kai mata sunaye.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ba 'yan bindiga kaɗai ke sa yara aikin yaƙi ba. In muka bar ɗan shekara 14 ya bi 'yan banga sintirin dare, ko muka aike shi leƙen asiri don ba za a zarge shi ba, mun sa shi cikin yaƙin da ba nasa ba. Dattawa su hana wannan ko da gari ya matsu.

Sa'ad da yaro ya dawo

A nan muka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Yaro ya fito daga daji ran Alhamis, ran Lahadi mun tsai da shi gaban jama'a ya ba da shaida, wayoyi suna ɗaukar hotonsa. Kada a yi haka. A yi godiya ga Allah ba tare da an sa shi ya maimaita abin da ya gani ba. Asibiti ne wuri na farko. In an yi fyaɗe, ga yarinya ko yaro, maganin rigakafin ƙwayar cutar HIV yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, saboda haka ba a jira taron dangi ba.

Fitsarin kwance, firgita cikin barci, yin shiru na kwanaki, saurin fushi, ko ƙin rabuwa da uwa, duk alamun tsoro ne da ya zauna a jiki. Ba taurin kai ba ne, ba kuwa aljani ba ne, bulala ko azumin dole za su ƙara masa ciwo ne. Abin da ke taimakawa shi ne abinci a kan lokaci, wasa da tsara, komawa makaranta, da babban mutum ɗaya da yaron ya yarda da shi. In wata biyu ko uku suka wuce abin yana ƙaruwa, a nemi ma'aikacin lafiya.

Yarinyar da ta dawo da ciki ko da goyo ba ta yi zunubin da za a sa ta ƙarƙashin horo ba, laifi aka yi mata. Zumuntar Mata ta tsaya mata, a kuma karɓi jaririn a keɓe shi ga Ubangiji kamar kowane ɗa na ikkilisiya. Haka yaron da aka tilasta wa kiwon shanun sata ko ɗaukar bindiga, ko ɗan wace ƙabila ne: a miƙa shi ga hukumar kula da yara, kada a bar taron gari ya yanke masa hukunci.

Iyalan da suka gudo zuwa Kaduna, Zariya ko Funtuwa sukan sami masu cewa a ba su yarinya ta yi aikin gida, za su sa ta makaranta. Fasto ko dattijo ya san gidan, ya rubuta sunan wanda ya ɗauke ta, ya riƙa ziyara. Wa da ƙane kada a raba su in da hali, kuma gidan dangi ya fi gidan marayu, ko da ikkilisiya ce za ta riƙa kai musu hatsi da kuɗin makaranta.