Zubar gashin kare: yaushe sauyin yanayi ne, yaushe cuta ce?

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, haushin kare da tsakar dare ya zama gargaɗin da mutane ke kasa kunne gare shi. Mafarauta da makiyaya dama sun daɗe da karnukansu na gida masu gajeren gashi. Wasu masu hali kuma na sayen na ƙetare masu kaurin gashi, irin su German Shepherd da Caucasian Shepherd, waɗanda asalinsu na ƙasashen sanyi ne. Su ne zubar gashinsu ta fi tayar da hankalin mai su.

Irin waɗannan karnuka gashi biyu gare su: na sama mai tsauri, da na ƙasa mai laushi da ke riƙe ɗumi. Idan hunturu ya wuce bazara ta kama, na ƙasan yakan zube da yawa. Matuƙar fata ba ta bayyana ba, kuma kare ba ya susa, wannan ba cuta ba ce. Taje shi a kai a kai, inuwa da ruwan sha sun isa. Aske shi ƙwal don a rage masa zafi kuskure ne, domin gashin saman ne ke kare fata daga rana, kuma ba kullum yake tsirowa yadda yake ba.

Inda ake damuwa shi ne idan gashi ya tsige wuri-wuri. Ƙazuwa ce kan gaba. Wata 'yar mitsitsiyar halitta mai suna Sarcoptes ke haƙa fata, ta jawo ƙaiƙayi mai tsanani, galibi daga gefen kunne, gwiwar ƙafafun gaba da ciki. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma iya sa wa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayi. Wata kuma, Demodex, ta fi kama 'yan kwikwiyo da karen da jikinsa ya yi rauni, amma ba ta kama mutum. Makero, mai barin tabo zagayayye, shi ma yara na ɗauka daga kare. Sai ƙuma da kaska, sai kuma abinci: karen da ba ya samun komai sai ragowar tuwo, ba nama ba kifi, gashinsa kan bushe ya yi ta karyewa.

Da ido kaɗai ba a rarrabe waɗannan. Likitan dabbobi kan kankare fata kaɗan ya duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, sannan ya ba da magani irin su ivermectin ko amitraz bisa nauyin kare. Ƙazuwa na buƙatar magani na makonni, kuma duk karnukan gidan ake yi wa tare, a wanke ko a ƙona shimfiɗarsu.

Shafa baƙin mai ko fiya-fiya, da wasu ke yi, guba ce: kare na lashe ta, fata na tsotse ta, yara kuma na taɓa shi.

Mazaunin ƙauyen da hanyarsa ba ta da tsaro ba kasafai zai ɗauki kare zuwa asibitin dabbobi ba, shi ya sa yake komawa ga baƙin mai. Wannan tambaya ce da ta dace a yi wa sashen noma na ƙananan hukumomin biyu: ma'aikatan lafiyar dabbobi nawa ne ke zagayawa ƙauyuka, kuma yaushe rabon da a yi wa karnuka allurar rigakafin ciwon hauka?