Yadda kwamfuta ke lissafa ruwan da ke gangarowa daga dutse

A ƙasashen sanyi irin su Suwis, dusar ƙanƙara na taruwa bisa duwatsu ta narke sannu sannu, har a lissafa ruwanta tun da sauran watanni. Mu nan Adar ba mu da wannan rumbun. Ruwan da ya faɗi kan duwatsun Keita da Buza, cikin ƴan awoyi ya cika ƙoramu ya gangaro kwari.

Lissafin dai kusan ɗaya ne: ana ba na'urar yawan ruwan sama, gangaren wuri da irin ƙasa. Milimita 1 bisa hekta guda lita 10,000 ne. Jigawa ta shanye, fako kuwa ya tura shi gaba. Shi ya sa jeren duwatsu da madatsun aikin Keita, da aka fara a 1984, ke rage gudunsa.

Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da aka kafa a 1974, na fitar da hasashen damana kafin shuka. Amma fa na yanki ne gaba ɗaya, ba zai gaya wa manomin Galma daren da ƙorama za ta ci masa gona ba. In hadari ya zuba kan dutse, mu janye injin ban ruwa daga bakin ƙorama, ko da a gari ba mu ga ɗigo ba.