Tarin shiƙa, kuɗin gwamnati da allurar da ke isowa Arewa

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri, uwa ba ta buƙatar likita kafin ta gane tarin shiƙa: yaro na tari har numfashi ya ɗauke, sa'an nan ya ja iska da ƙara. Sunan Hausa daga wannan shiƙewar ya fito. Faransanci kuwa coqueluche yake cewa. Abin da muke so mu bincika a nan shi ne wane ne ya biya kuɗin binciken allurar.

Bordet da Gengou ne suka ware ƙwayar cutar a 1906. Allurar farko mai inganci kuwa ta fito daga ma'aikatar lafiya ta jihar Mishigan ta Amurka, a shekarun 1930, ta hannun Pearl Kendrick da Grace Eldering, ma'aikatan gwamnati. Da matattar ƙwaya gaba ɗayanta aka haɗa ta, shi ya sa take kawo zazzaɓi da kumburi. A Japan, bayan mutuwar jarirai biyu, gwamnati ta dakatar da ita a 1975; iyaye suka guje, a 1979 cutar ta kama wajen mutum 13,000, ta kashe 41. Cibiyar gwamnati ce, da Yuji Sato, ta fitar da sabuwa mai gutsuren ƙwaya kawai, aka fara aiki da ita a 1981. Amurka ta biya gwaje-gwaje a Suwidin da Italiya.

An gwada ta a Afirka ma, abin da ba a cika faɗa ba: a Niakhar ta Senegal, farkon shekarun 1990, tare da ORSTOM. Sakamakon ya nuna tsohuwar ta fi kāre yara, sabuwar ta fi sauƙin jiki. Daga baya aka gane ƙarfin sabuwar na saurin raguwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe masu tsohuwar, a 2015, su riƙe ta.

Ita ce ke cikin allurar cuta biyar da Nijar ta karɓa a 2008, wadda ake yi a asibitocin Dogon Dutsi da Tibiri. Mu masu nazarin harshe, damuwarmu a nan take. Takardun na zuwa da Faransanci, malamin asibiti ya fassara effets secondaires da «illa», kalma mai nauyin lahani na dindindin. Uwar da ta ji haka, ta kuma kwana da yaro mai zafin jiki, da wuya ta komo allura ta biyu, alhali sai an yi uku. A ganinmu «zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu» ya fi kusa da abin da binciken ya nuna.