Daga Jalalar Doki Zuwa Rigar Moto

A Amurka, masu ƙera moto yadda ransu ke so suna da tarihinsu a rubuce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka riƙa cire wa Harley-Davidson kayan nauyi, daga baya suna tsawaita ƙafar gaba, fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa salon, mujallu suka biyo baya har mutane na tara su. Mu a Tasawa da Mayahi muna da namu salon, sai dai ba mujallar da ta taɓa ɗaukarsa. Ni kam ina ganin daga doki muka gado shi.

Duk wanda ya kalli hawan sallah a ƙofar fadar Tasawa ya san doki ba ya fita tsirara: jalala a kan sirdi, linzami mai tuntaye, aikin dukawa ja da kore. Ku tsaya a tasha ku dubi moton samari. Kujera da riga mai geza, tuntaye na lilo a hannu, madubi ya wuce biyu, karin magana a bayan lamba. Mahayin ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, ga baƙin tabarau, ga jaket ɗin gwanjo ko a watan bazara. A ɗaukar amarya kuwa sukuwa ce sak.

Lokacin muna ƙananan ɗalibai, mobilet ta Faransa ake yayi, ita ma sai mushe, ko malamin asibiti, ko babban ɗan kasuwa. Karya darajar CFA a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan Faransa. Bayan shekara ta 2000 motocin Sin, irin su Jincheng da Kasea, suka kwararo da araha, Boxer ta Indiya ta biyo. Man Najeriya mai tallafi, wanda ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, shi ya riƙe sana'ar kabu-kabu. Ƙasar ma ta taimaka. Da ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Tasawa zuwa Damagaram, yashi ne, balle ƙauyukan Gulbin Kaba a yankin Mayahi, inda mota ke kafewa moto ta wuce. Mace mai naƙuda da dā sai amalanke, yanzu moto ke kai ta asibiti. Wannan alheri ne da ba a musu.

Na fara tara kalandun shagunan moto tun ina makarantar horon malamai a Maraɗi, duk garin da aiki ya kai ni sai na roƙi ɗaya. Idan na jera su, ina ganin yadda samfuri ke ture samfuri kusan shekara da shekara. Su ne mujalluna, kuma ina shiga aji da su a darasin tarihi.

A ajin ne nake ganin ɗaya fuskar. Yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, sai ka ji uba ya sayar da sa ya saya masa moto, ko wani ya ba shi yana kawo kuɗi kullum da yamma. Kwalliya ya iya, hular kwano kuwa sai an ga jandarma. Masu ɗori sun fi kowa sanin sakamakon. Sana'ar kuma rataye take da siyasar wasu: Kano ta hana acaɓa a 2013, Diffa ta hana hawan moto a 2015 saboda tsaro, sannan a Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, kwalba ta yi tsada a dare ɗaya. Biyu daga cikin tsofaffin ɗalibaina sun jingine moto a shekarar, ɗaya ya tafi Agadas neman aiki. Ɗayan ya zo yana tambayata ko mai shekara 17 zai iya komawa aji.